Doki Nawa Jirgin Masunci Yake Buƙata? Zaɓen Inji a Ƙauyukan Hausawan Shuɗin Nilu

Gabatarwa

Wannan takarda ta ɗaliban da suka wuce matakin farko ce. Yawancin abin da muke ba ku ku karanta tatsuniya ne da labarin sarauta da waƙa, har wasu daga cikinku suna zaton Hausa ba ta iya ɗaukar bayanin inji da awo da lissafi. Shi ya sa na zaɓi wata tambaya ta masu sana'a, wato wane girman inji ne ya dace da ƙaramin jirgin kamun kifi. Na kuma kai tambayar wani yanki na duniyar Hausa da ba kasafai ake ambatonsa a aji ba, wato ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan.

Hanyar hajji ta ƙasa ce ta fara kai Hausawa can. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno wajen 1906 a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kimanin kilomita 15 kudu da Sinnar. Fulani da Hausawa ne suka zauna garin. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun audugar Jazira, sai ƙarin mutanen yamma suka tsaya neman guzuri, wasunsu kuwa tsayawar ke nan har jikoki. Noma da ƙwadago ne suka fi yawa, amma a bakin kogi, daga Wad Madani zuwa Sinja har Damazin, an san Bahaushe da su. Mai son ƙarin bayani a kan Hausar waɗannan mutane sai ya nemi littafin da Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya fitar a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take daidaita kanta da Larabci.

Akasarin ƙananan jiragen su a Sudan da filafili ake tuƙa su. Saboda haka ranar da masunci ya sayi inji babbar rana ce, kuma sau da yawa injin ya fi jirgin kansa tsada. Ko dai tarin shekaru ne ya fasa, ko kuwa bashi ya ci wajen dillalin kifi da sharaɗin shi kaɗai zai riƙa sayar wa kamunsa. In zaɓen ya yi kyau, ya huta da tuƙi, ya kai wuraren da a da ba ya iya zuwa, kifinsa ya isa kasuwa ɗanye. In ya yi kuskure, to ya sayo wa kansa wani baki da zai riƙa ciyarwa kullum kafin ya ciyar da iyalinsa.

Doki da husan

Ana auna ƙarfin inji da doki. Awon ya samo asali ne daga James Watt, mutumin Sikotilan, wanda a ƙarni na 18 ya so nuna wa masu masana'antu dawaki nawa injinsa na tururi zai maye gurbinsu. Doki ɗaya daidai yake da wat 746. Ɗalibi ya lura da cewa “inji mai doki 15” muke cewa, ba ma kawo jam'in kalmar. Haka Hausa take yi da ma'auni in ya zo da lamba: naira goma, mudu uku, mita shida. A Larabcin Sudan kalmar ita ce husan, inji kuma makana, jirgi murkab, man fetur banzin. Bahaushen da ya tashi a Sinja yakan tsoma irin waɗannan kalmomi cikin Hausarsa kamar yadda na Yawuri ko Baga yake tsoma farfela da fulogi da totur, waɗanda Turanci ya ba mu. Ni a nan zan bi kalmomin Nijeriya, tun da su kuka fi sani.

Injin da muke magana a kai shi ne wanda ake rataya wa jirgi daga baya, kansa a sama, ƙafarsa a cikin ruwa da farfela a ƙarshenta. Ole Evinrude na Amurka ne ya fara cin kasuwarsa sosai daga 1909. A kogunan Afirka kuwa injunan Japan suka fi yawa, musamman samfurin Enduro na Yamaha, sai Suzuki da Tohatsu, sai kuma na Sin masu araha da suka shigo daga baya. Girman da ƙaramin masunci zai ci karo da shi a kasuwa bai wuce doki 8, 15, 25 da 40 ba.

Abin da mai sayen inji ya fi kasa yarda da shi

Mai saye yakan ɗauka cewa in doki 8 yana ba shi wani gudu, to doki 16 zai ninka gudun. A mota ma ba haka abin yake ba, balle a ruwa. Jirgin katako mai nauyi yana tafiya ne a cikin ruwa, yana ture shi gefe da gefe, kuma turewar nan tana tayar da igiya a goshinsa da kuma bayansa. Iya saurinsa iya tsawon igiyar. Akwai wani gudu da in ya kai, tsawon igiyar yakan yi daidai da tsawon jirgin, sai gindinsa ya zauna cikin kwarin igiyar, goshinsa ya ɗaga. Daga nan jirgin ya zama kamar mai hawan tudun da shi da kansa yake tarawa a gabansa. Duk wutar da aka ƙara masa, sai dai igiyar ta ƙara girma, ƙara ta cika kunne, gudu kuwa ɗan kaɗan zai ƙaru.

Ana iya lissafa wannan iyaka. A auna tsawon jirgin a daidai inda ruwa ya tsaya masa, da mita. A nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, sannan a ninka ta sau 4.5. Abin da ya fito shi ne kilomita a awa. Jirgi mai mita 4, lambarsa 2 ce, iyakarsa kilomita 9 a awa. Mai mita 6 yana kaiwa 11, mai mita 9 kuwa 13 da rabi. Wato tsawon jirgi ne yake yanke masa gudu, kuma masuncin da yake son sauri gara ya je wajen maƙerin jirgi kafin ya je wajen mai inji.

Akwai jiragen da suke ƙetare wannan iyaka. Jirgin faiba mara nauyi mai shafaffen ciki, in ya sami isasshen doki, yakan hau saman ruwa ya riƙa sulɓi. Dogon jirgi siriri ma yakan ɗan wuce ta. Amma jiragen da ake harhaɗawa a Shuɗin Nilu da katakon bagaruwa, wadda suke kira sunut, ko kuma na ƙarfe, nauyinsu ba ya barin su tashi. Dazuzzukan bagaruwa na gaɓar kogin a yankin Sinnar da Sinja sun daɗe suna ba da katakon jirgi, katako ne mai jure ruwa, sai dai nauyi gare shi kamar dutse.

To doki nawa irin wannan jirgi yake buƙata don ya kai kusa da iyakarsa? Masana ƙirar jiragen su suna ɗaura amsar da nauyi: ga injin ratayawa, tsakanin doki 7 da rabi zuwa 9 ga kowane tan ɗaya na jirgi da duk abin da yake ciki. Kalmar “duk” ita ce mai muhimmanci a nan, domin mutane sukan kimanta jirgi yana fanko a bakin gaɓa, su manta da yadda yake komowa.

Mu ƙaddara wani masunci a kudu da Damazin yana da jirgin katako mai mita 6, nauyinsa kilo 400. Shi da yaronsa kilo 140. Kalli da ya jiƙe, da duwatsunsa da igiyoyinsa, kilo 100. Kamu mai kyau na karfasa da ragon ruwa da ƙurungu, kilo 150. Inji da tankinsa da mai, kilo 60. Jimla kilo 850 ke nan, bai cika tan ba. In aka ninka 0.85 sau 9, abin bai kai doki 8 ba. Wato ƙaramin injin da ke kasuwa ya ishe shi, ko da kuwa maƙwabcinsa zai yi masa dariya.

Yanzu mu duba mai. Inji mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, in an murɗe masa totur gaba ɗaya yana shan kusan rabin lita a awa ga kowane doki. Mai doki 8 lita 4 ke nan, mai 15 lita 7 da ɗoriya, mai 40 kuwa lita 20, wato jarka guda cur a awa ɗaya. A ce wurin da masuncinmu yake zuba kalli kilomita 10 ne daga mashigi, zuwa da komowa 20. Da doki 8, bai ƙure totur ba, yana tafiyar kilomita 10 a awa, zai yi awa biyu ya ƙona kamar lita 6. Da doki 40 a kan wannan jirgin dai, ya ba shi wuta duka, da ƙyar zai ga kilomita 13 a awa, ya yi awa ɗaya da rabi ya ƙona lita 30. Rabin awa ya saya da lita 24. Ban sa farashi ba da gangan, domin darajar fam ɗin Sudan ta zube ƙwarai tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kuma duk lambar da na rubuta yau za ta tsufa kafin ku gama zangon karatu. Lissafin da ba ya tsufa shi ne wanda masunci zai yi da kifi: kilo nawa na karfasa ne yake sayen lita ɗaya a mashiginsa? In ya san wannan, ya san rabon da inji yake ɗauka daga kowane kamu kafin kowa ya taɓa.

Wani zai ce ai sai ya sayi babban, ya riƙa tafiya da shi a hankali. Wannan dabara ba ta fita. Inji mai bugu biyu da ake ja da ƙaramar wuta kullum ba ya ƙone mansa sarai, fulogi yakan yi baƙi, kuma kuɗin da aka zuba a kan dawakin da ba a mora sun tafi a banza. Ga kuma nauyi. Mai doki 8 bai kai kilo 30 ba, mai 15 yana kusan 37, mai 40 kuwa ya kai 70. A ɗora kilo 70 a ƙarshen jirgi mai mita 6, matuƙi ya zauna kusa da shi, ga tanki a ƙafarsa, sai a ga gindin jirgin saura ƙiris ya sha ruwa. In aka saki totur farat ɗaya, igiyar da ke biye da shi sai ta faɗo ciki ta baya. Haka nan in aka karya kwana da wuta, siririn jirgi yakan kife. Akwai ma wani dalili da littattafan injiniyoyi ba sa kawowa: ba a barin inji ya kwana a bakin ruwa. Wanda mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa ya kai gida da magariba ya fi wanda sai an nemi mutum biyu ko amalanke.

Ruwa uku a kogi ɗaya

Kada ɗalibi ya ɗauka daga abin da ya gabata cewa ƙarami ne mafi kyau a kowane hali. Lissafin tan yana ba da tushe ne, sannan a duba ruwan da za a shiga, kuma Shuɗin Nilu a Sudan ba ruwa iri ɗaya ba ne.

Daga Sinnar zuwa arewa, ta Wad Madani, kogi ne mai gudu da tsibiran yashi. Tsakanin Sinnar da Sinja, inda Mai Wurno take, madatsar Sinnar tana tokare ruwan ya kwanta wani ɓangare na shekara. Daga Damazin zuwa iyakar Habasha kuwa tafki ne, na madatsar Rusairis da aka gama a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, ruwan da take riƙewa ya tashi daga kimanin mita mai kusurwa biliyan 3 zuwa fiye da biliyan 7. Ƙarin nan ya cinye gonaki da dazuzzuka, ya tayar da ƙauyuka, ya kuma nisanta wuraren su da mashigai. A nan ne inji ya fi amfani, a nan ne kuma ƙaramin da ya yi ƙanƙanta yake da haɗari. Tafki mai faɗi in iska ta taso da hadarin damina yakan yi raƙuman ruwa, kuma jirgin da injinsa ba shi da sauran ƙarfi ba ya iya riƙe goshinsa ga iska. Da zarar ya ba ta gefe, shi ke nan. Don haka a ganina injin da ya dace shi ne wanda yake tafiyar yau da kullum da kashi uku cikin huɗu na totur, a bar kashi ɗaya don ranar wuya. Masuncin da jirginsa da kaya suka haura tan ɗaya da rabi, kuma yana ratsa tsakiyar tafkin, doki 15 ne nasa, kada ya yi rowa.

Gudun kogi kuwa lissafinsa na ragi ne. Jirgin da yake yin kilomita 11 a kan ruwa, in kogin yana gangarowa da 4, to 7 yake ci a hawa. In ambaliya ta kai gudun ruwan 7, saura 4. Babban inji ba zai gyara wannan ba, tun da iyakar jirgin tana nan inda take. Matuƙan da suka san kogi gefe suke bi a hawa, inda ruwa ya fi sanyin gudu, su koma tsakiya a gangara.

Dole in ƙara da cewa halin kogin ya sauya. A da, daga Yuli zuwa Satumba ruwan Habasha yakan sauko da ƙarfi, jawur da laka, sannan da rani ya janye ƙwarai. Tun daga 2020 da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta da ke kusa da iyakar Sudan, wadda aka ƙaddamar a Satumban 2025, yawancin lakar can take kwantawa, kuma hawa da saukar ruwa sun koma hannun masu buɗe ƙofofi. Sanin da dattijo ya gada game da watan da wuri kaza yake bushewa yana buƙatar sabon gwaji.

Jirgin da ya cancanci doki 25 shi ne na mai tara kifi, wanda yake zagaya sansanonin masunta da ƙanƙara, ya kwaso kamu ya kai Damazin ko Sinja. A ce jirgin ƙarfe ne mai mita 9, da kaya ya kai tan 3, lissafi ya ba shi doki 22 zuwa 27. Shi kam lokaci kuɗi ne a wajensa, domin giwan ruwan da ya kwana cikin zafin Sudan ba ƙanƙara ya tashi daga kifin kasuwa, sai dai a tsaga shi a shanya. Inda masunta biyar ko shida suke su a wuri ɗaya, sau da yawa ya fi musu riba su haɗa kai a kan inji guda ya ja jiragensu zuwa can ya komo da su, maimakon kowa ya ɗaura wa kansa bashi. Inji dai ba ya ƙara yawan kifin da ke cikin ruwa.

Ƙafa, farfela da makaniki

Ko an dace da doki, ana iya kuskure ƙafa. Ƙafar inji iri biyu ce a ƙanana: gajera ta allon baya mai tsayin kimanin santimita 38, da doguwa ta mai 51. Akwai wani faifan ƙarfe a saman farfela, shi ake so ya yi daidai da ƙasan jirgin. In ya yi sama, farfela ta riƙa jan iska, inji ya yi ta kuka ba tafiya. In ya yi ƙasa da yawa, ƙafar ta riƙa jan ruwa tana karo da yashi da kututturan itatuwan da tafki ya shanye. Jirgin da gindinsa tsini ne kamar goshinsa sai an kafa masa allo mai ƙwari, kuma a ɗaure injin da igiya ko sarƙa ko da an matse kusoshinsa. Farfela kuma ta jirgi mai nauyi ita ce mai gajeren taku, kamar babbar giyar mota a hawan tudu. In aka sa mai dogon taku, inji ba zai kai juyinsa ba, ya riƙa nishi yana shan mai.

Abu biyu ne suka fi kashe inji a irin wannan ruwa. Na farko yashi, wanda yake cinye ƙaramin famfon roba da yake ɗebo ruwan sanyaya inji. Akwai ɗan ruwan da yake tsartowa daga gefen inji yayin da yake aiki, in ya ɗauke a kashe nan take. Na biyu zaren kalli da yake nannaɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga. Haɗin mai kuma yawancin waɗannan injuna kashi ɗaya na baƙin mai cikin hamsin na fetur suke so, wato mililita 400 a jarka mai lita 20, sai sabon inji da akan ninka masa a awoyin farko.

Inji mai bugu huɗu ya fi tsimin mai nesa ba kusa ba, ba ya hayaƙi, ba a kuma haɗa masa mai. Amma ya fi tsada, ya fi nauyi, gyaransa kuma ya fi wuya. Rikicin Yuli da Oktoban 2022 a jihar Shuɗin Nilu ya raba dubban Hausawa da gidajensu, sannan yaƙi ya ci Wad Madani a Disamban 2023, ya ci Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamban 2024 da Wad Madani a Janairun 2025. Kasuwannin da ake samun kayan gyara a cikinsu sun sha wuta, hanyoyi sun daɗe a yanke. A irin wannan hali tambayar da zan fara yi kafin in tambayi doki ita ce: wane inji ne makanikin da ya fi kusa da mashigi ya iya kwancewa, kuma fulogi da famfon roba da farfelarsa suna nan a shagon da za a iya zuwa a komo a yini ɗaya?